Saniyar Ƙanƙara a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tashar Aliero sai wani ya matso ya ce, "Garba, wai da gaske na Manu ya yi kiwo cikin talabijin?" In na ba wannan labarin yau, gobe wancan ya zo da nasa ƙarin, har an kai ga cewa wai Turawa sun ba Manu lambar yabo. Na gaji da gyara ƙarya. Ga yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, wanda ya ƙara gishiri bayan wannan shi da Allah.

Manu Bafillace ne, rugarsu tana bayan Andarai a ƙasar Maiyama. Tare muka tashi, domin mahaifinsa ne ya riƙa wa mahaifina shanu, shi kuma yake riƙe da bijiman nomana. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Agwai, ba mu taɓa rabuwa ba mu zagi juna ba. A lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, albasa ta yi kasuwa, mu manoma muka cika fadama har burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya tsuke. Dattawan rugar su Manu suka yanke shawarar tashi gaba ɗaya kafin ruwan farko ya sauka. Kudu za su nufa, su wuce Yawuri, su haye kogin Kwara. Inda za su sauka kuwa, su kansu ba su sani ba.

Abin da ya hana Manu barci shi ne ɗansa na fari, Dikko. Shekarun baya yaron ya sayar da wani bijimi daga cikin zuriyar saniyar da aka ba shi ranar suna, ba tare da ya yi shawara ba, ya tafi Jega koyon gyaran rediyo. Manu ya fusata, ya ce a gaban mutane yaron ba shi da sauran igiya a dangwalinsa, wato igiyar nan da ake jera maruƙa a ɗaure. Dikko ya ji, ya sa kai ya tafi. Sai daga baya wani direba ya ce ya gan shi a Kwatano, a wani shago kusa da tashar jirgin ruwa.

Na je duba bijimaina ne Manu ya ja ni gefe.

"Kaɗo, za ka Kwatano da albasa bana?"

"In Allah ya yarda."

"Tau, da ni za ka."

Na yi dariya har na riƙe ciki. "Kai? Kai da ko Birnin Kabi ba ka taɓa kwana ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanga yaro, in munka tashi bai san inda munka nuhwa ba, shi ke nan. Ko ya so dawowa, kango za shi iske."

"Wanga yaro" yake cewa, don kun san kunyar ɗan fari. Mu ma muna yi, amma ta su Manu ta fi tamu tsanani. Bai taɓa kiran sunan Dikko ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. In zai aike shi, sai ya gaya wa wani ya gaya masa, ko da yaron na tsaye a gabansa. Nan na gane ba don ƙaunar hirata zai bi ni ba. Baki yake nema, ni ne bakin.

Ranar tafiya ya iso Aliero da malafarsa, da butarsa, da ƙullin garin gero, da sanda biyu. Na tambaye shi ta biyun ta mece ce. Ya ce da ya ɗaure kayansa ya juya, sai ya tarar uwar yaron ta jingina ta a kan kayan, ta koma bukka. Sandar kiwon Dikko ce, ta ajiye ta duk shekarun nan, tana shafa mata man shanu kada ta tsage.

Gingimarin wani direba ɗan Jega mai suna Magaji muka yi wa lodi, mutum mai baki irin nawa. Na samar mana wuri a gaba kusa da shi, amma sandunan suka ƙi shiga. Direban ya ce a jefa su baya, Manu ya ce inda sanda ta kwana nan zai kwana, ya haye kan buhunan albasa ya zauna. Ni kuma kunya ta hana ni barin shi shi kaɗai. Haka na bar kujera mai laushi na hau sama ina zaginsa, yana ce mini, "Zamna, Kaɗo, ai warin gonarka na." A Jega muka karya da masa da miyar taushe, muka bi ta Birnin Kebbi muka miƙi hanyar Kamba. Kafin mu isa, rana da albasa sun gama da ni, hawaye kawai nake kamar an aiko mini da rasuwa.

A kan iyakar Kamba wani jami'i ya duba takardunmu, ya dubi Manu sama da ƙasa.

"Baba, mutum guda sanda biyu? Yaƙi za ka?"

Manu ya ce, "Guda tawa ta. Gudar kuwa, mai ita na gaba."

Jami'in ya yi dariya, ya ce Allah ya sada shi da mai ita, ya ɗaga mana ƙarfe.

Gaya ta ƙasar Nijar ba ta ba mu mamaki ba, Hausa da Zabarmanci ne kamar gida. Sai da muka hau gadar Kwara muka sauka Malanbil a ƙasar Binin, sannan na san mun bar gida. Abu na farko da ya ƙona mini rai shi ne, da rana ta take sai kowa ya rufe ofis ya tafi barci. Babban mutum da gemunsa, aikin gwamnati a hannunsa, ya ja ƙofa ya bar mu a rana har kusan la'asar. Na yi ta faɗa da Hausa, ba wanda ya kula ni. Manu kuwa ya ce wannan ne karo na farko da ya ga ma'aikata masu hankali, don ko saniya ba ta kiwo da tsakar rana.

A nan muka fara ganin burodinsu, dogo siriri mai tauri. Wani mai shayi ya zuba mana kofi da madarar gwangwani a kwano, ba a kofi ba, ya miƙo wa kowa burodi guda. Manu ya juya nasa, ya ƙwanƙwasa shi a benci, ya ce ai da ya san ana sayar da sanda a hanya da bai wahalar da kansa ba. Amma ya cinye shi tas, kuma shi ya zama abincinsa har muka dawo.

Bayan mun wuce Kandi ne abin da ya kusa raba mu da direba ya faru. Motar ta faɗa wani rami, muka yi sama muka dawo, sandar Dikko ta sulale ta bayan buhuna ta faɗi kan titi. Manu bai yi ihu ba. Ya rarrafa ya riƙa dukan kan motar da tasa sandar har direban ya taka burki a firgice, yana zaton buhuna ne suka zube. Kafin motar ta gama tsayawa Manu ya dira ya koma baya da ƙafa, don mun riga mun yi nisa. Direban ya fito yana kumfar baki.

"Don icce? Don icce za a tsai da mota da kaya? Ga icce nan ko'ina, in sare mai goma!"

Na ce masa, "Ka bari. In kat tahi ka bar shi, sai ka bar ni, ka bar albasata."

Ni da kaina na yi mamakin bakina, domin a zuciyata ni ma zagin Manu nake. Muka zauna a gindin wani kaɗe muna jira, direba yana ta lissafa mini asarar da rana ke yi wa albasa. Can sai ga Manu ya ɓullo, sanda biyu a kafaɗa, yana tafiyar nan tasu ta kamar ba abin da ya faru. Daga nan ya kwance rawaninsa ya ɗaure sandar a ƙugunsa.

A Faraku muka yada zango. Manu ya hango wasu mata Fulani a bakin kasuwa ya nufe su da murna, ya gaishe su da Fillanci, suka amsa da wani irin Fillanci da sai ya kasa kunne sosai yake kamawa. Ba nono suke sayarwa ba, wani cuku ne curi-curi da suka rina ja, wai shi wagashi, ana soya shi a saka a miya kamar nama. Na ci na ji daɗi har na ƙara. Manu ya ɗanɗana ya ce ba laifi, amma duk wanda ya soya nono ya rasa aikin yi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da suka gaya masa mazansu doya suke nomawa. Da muka koma kan buhuna sai ya ce mini ko su ma can kudu haka za su ƙare.

Daga nan ƙasa ta canja. Kwakwa ta yi yawa, iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Mata na tuƙa babur da goyo a baya, fetur a manyan kwalabe a bakin hanya. A Kwatano kuwa 'yan kabu-kabu ne kamar fara, duk da rawayar riga. Muka sauka a Zango wajen wani dattijo mai masauki da ya ce kakansa daga Jega ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausarsa ta karkace, amma da ya ji ina cewa "munka zo" sai ya rungume ni ya ce haka kakansa ke magana. Ya ba mu ɗaki da tabarmi, aka kawo mana wani farin abu mai tsami kamar kafa, wato agidi, da soyayyen kifi da barkonon da ya kusa tashi da kaina. Manu ba ya cin kifi. Ya dama garin geronsa, ya haɗa da sandar burodi. Da aka kai mu muka ga teku, abin da ya ce kawai shi ne, ruwa har iyakar gani amma saniya ba ta iya kurɓa ko sau ɗaya.

Na sauke albasa na bar ta hannun dillali, muka shiga neman shagon. Ba mu sha wuya ba, don Bafillace mai gyaran na'ura ba shi da na biyu a unguwar. Shagon wata mata ce 'yar ƙasar, ƙatuwa mai murya, tana sayen tsofaffin kwamfutoci da ke zuwa daga Turai a jirgin ruwa. Ni kafin ranar sau ɗaya na taɓa ganin kwamfuta, a wani ofis a Birnin Kebbi, an lulluɓe ta da ƙyalle. Nan kuwa ga su jibge har rufi. A can ciki wani dogon saurayi da riga da wando ya sunkuya a kan wata da ya buɗe wa ciki. Ya ɗago, na ga fuskar Manu ta shekaru talatin baya.

Abin da ke hannunsa ya faɗi. Ya zo ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Manu ya ɗaga kai yana kallon fankar da ke juyawa a sama, ya ce mini, "Kaɗo, gaya mai lahiya lau."

A nan na ɓata aikin. An ɗauko ni in zama baki, sai na zama bulala. Na hau Dikko da faɗa a gaban uwar ɗakinsa da masu ciniki, na ce ya bar uwarsa da hawaye, ya sa tsoho ya hau buhun albasa ya ƙetare ƙasa biyu, ya tashi yanzu ya ɗaure kayansa. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Baba Garba, na ji. Amma ba kai kac ce ban da igiya ga dangwali ba. Wanda yac ce, shi za shi ce in dawo."

Na juya wajen Manu na ce, "Ka jiya. Buɗe baki ka ce mai."

Manu ya ci gaba da kallon fanka.  Ba girman kai ba ne, na san shi. Abin ne ba ya iyawa, kamar a ce mini in tuɓe a kasuwa. Na fita na bar su, raina a ɓace da su duka biyun, har na rantse a zuciyata ba zan ƙara shiga maganar Fulani ba.

Washegari Manu ya tashe ni ya ce mu koma wurin yaron. Ya samu benci a shagon ya zauna, sanda biyu tsakanin gwiwoyinsa. Dikko ya kawo mana shayi ya koma aikinsa. Aikin nasa shi ne ya tada kowace na'ura ya nuna wa mai saye tana da rai. Akwai wata da ta zo da wani wasa a cikinta, shi yake kunna wa mutane don su ga launi su ji sauti. Da ya kunna sai ga wata ƙasa fara fat da ƙanƙara, da dogayen itatuwa, da wani kyarkeci mai ruwan toka yana shinshina ƙasa. Mai wasan shi ne kyarkecin. Da maɓallai masu kibiya ake tafiyar da shi, a gefe kuma akwai wani jan layi da ke nuna cikinsa. In bai ci ba layin ya riƙa raguwa, in ya ƙare ya faɗi ya mutu.

Manu bai kula ba sai da wata dabba ta fito daga cikin itatuwa. Doguwa ce, ƙafafu kamar na raƙumi, ga ɗan tozo, ga dogon baki, ga wata tsoka na reto a ƙarƙashin wuya. Bayanta ɗan ƙaramin ɗanta na bi.

"Kaɗo, tambaye shi, wagga mi ta?"

Dikko ya dube ni ya amsa, don shi ma ya san ƙa'idar. Ya ce ba ta da suna da Hausa, Turawa na ce mata mus, a ƙasashen sanyi take. Namijin yana da ƙahonni masu faɗi kamar an buɗe tafin hannu, macen ba ta da su. Ba sa yin garke, uwa da ɗanta kawai suke yawo. Manu ya ce saniya ce, saniyar ƙanƙara, kuma abin tausayi ne babbar dabba haka a ce ba garke ba makiyayi.

Dikko ya ce a wasan ita ce babban abinci, amma kyarkeci ba ya tunkarar uwar, don shuri ɗaya za ta yi masa ya mutu. Dabara ita ce ka shiga tsakaninsu, ka firgita ɗan ya ware, ka kora shi nesa, sannan ka kama. Ya nuna mana. Ɗan ya ruga gabas, uwar ta yi yamma, ya bi shi ya kayar. Jan layin ya cika, yaran da ke leƙe ta ƙofa suka yi shewa. Ni ma na ce madalla. Manu kuwa ya matso da bencinsa.

"Tambaye shi, in ɗan ya ware, uwar ba ta iya kiranai?"

Dikko ya ce a'a. Ba a yi wa saniyar maɓalli ba. Ba wanda ke zama ita, ita abin ci ce kawai. Kyarkecin kaɗai ake iya riƙewa.

 Manu ya jingina sandunan a tebur ya ce, "Tau, gaya mai shi ba ni karen."

Wallahi na ɗauka wasa yake. Mutumin da yatsunsa suka ƙage da igiya, in ya danna maɓalli ɗaya sai uku su danne tare. Kyarkecin ya yi ta karo da itatuwa yana juyi wuri ɗaya, na yi dariya har da hawaye. Bai kula ni ba. Dikko ya tsaya a bayansa yana gaya mini wane maɓalli ne dama wane ne hagu, ni ina maimaita wa mutumin da ke jin sa sarai. Kafin azahar ya iya tafiya. Kafin la'asar ya samu wata uwa da ɗa, ya shiga tsakaninsu kamar yadda aka nuna masa, ɗan ya ware ya ruga.

Sai ya ƙi bin sa. Ya yi wani dogon zagaye ta cikin itatuwa, ya ɓullo ta gaban ɗan, ya tsaya nesa. Ɗan ya juya ya gudu baya. Manu ya bi shi a hankali, in ya karkata dama ya tare dama, in ya karkata hagu ya tare hagu, yana wannan ƙyacci da harshe da suke yi wa maruƙa. Ni na fara ganewa, don na sha ganin sa yana yi a bayan Andarai. Kora shi yake ya mayar wa uwar.

Dikko ya ce mini, "Baba Garba, gaya mai ba haka aka yi ba. Yunwa za ta kashe shi."

Ta kuwa kashe shi. Layin ya ƙare, kyarkecin ya kwanta a ƙanƙara, ɗan ya ɓace cikin itatuwa. Manu ya ce a sake tadawa.

Haka muka yi kwanaki. Da safe mu zo, sai sallah ke tada shi. Wani lokaci yunwa ta kashe shi, wani lokaci ya matsa da yawa ɗan ya firgice ya ɓace, wani lokaci ya kawo shi har wurin ya tarar uwar ta yi gaba. Matar nan mai shagon ta fara da faɗa, amma da ta ga jama'a na cika ƙofa don kallon tsoho da malafa a gaban kwamfuta, har ana sayen kaya, sai ta sa aka kawo masa kujera mai jingina. Ni kuwa albasata ta ƙare, direba ya ce bayan Juma'a zai juya ko da mu ko ba mu. Ranar Alhamis hadari ya haɗu, ruwa ya sauka a Kwatano kamar da bakin ƙwarya. Manu ya ɗaga kai ya saurari kwanon rufi. Ni da shi mun san ruwan da ya sauka a nan yana kan hanyarsa ta zuwa gida, kuma dattawan ruga ba za su jira kowa ba.

Na ce masa, "Agwai, don Allah ka bar wanga shirme. Yaron ga shi bayanka. Kalma guda ta."

Ya ce, "Ka bari in gama aikina."

Safiyar Juma'a ya samu ɗan da ya riga ya ware da kansa, yana yawo shi kaɗai. Manu ya fara neman uwar tukuna, ya ga inda take kiwo a bakin wani tafki, sannan ya koma ya zagayo ɗan. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Jan layin na ta raguwa, shagon ya yi tsit, har matar ta bar cinikinta ta zo ta tsaya. Na dubi Dikko na ga ya dafa bayan kujerar da hannu biyu, leɓensa na motsi, yana ƙyaccin nan a hankali bai ma sani ba. Ɗan ya yi kamar zai kauce, Manu ya tare. Ya sake kaucewa, ya sake tarewa. Suka fito fili, ga uwar can. Ɗan ya tsaya tsakiya ya ƙi gaba, sai Manu ya matsa da kyarkecin dab da shi, ya tura shi har ƙarƙashin uwar.

Uwar ta juyo ta ɗaga ƙafafun gaba ta sauke wa kyarkecin. Shuri ɗaya, ya miƙe a ƙanƙara. Ita da ɗanta suka shiga cikin itatuwa tare.

Dikko ya manta da ni. Ya ce, "Baffa, ai ta kashe ka."

Manu ya juya a kan kujerar. Ba ni ya duba ba, kuma ba da Hausa ya yi magana ba. Fillancina na kasuwa ne, amma na ji wannan sarai. Ya dubi ɗansa cikin ido ya ce, "Ta kashe ni. Ni na kore shi, ni ya kamata ta shura. Amma ya koma wajen uwarsa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma wannan karon babu albasa kusa. Manu ya miƙe ya ɗauki sandarsa guda ɗaya, ya bar ɗayar jingine a tebur, ya fita. Kunyar abin da ya yi ta kama shi, har masallaci bai yarda mun haɗa ido ba.

Bayan an sauko Juma'a muka iske Dikko zaune a bayan motar da ƙaramar jaka, sandar a kan cinyarsa. Ya ce mini, yadda mahaifinsa zai ji, "Baba Garba, ba zamnawa za ni yi ba, na yi wa matar nan alkawari in dawo. Amma za ni raka su, in ga inda za su sauka da idona, in san hanya." Manu ya dubi sama ya ce in gaya masa ya matsa, ai ya danne masa malafa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Kamba ba mu tarar da jami'in nan ba, abin ya ba ni haushi don na so ya gani. Mun isa bayan Andarai mun iske an riga an kwance bukkoki, an ɗaure kaya a kan bijimai, gabas ta fara yin baƙi. Uwar Dikko ta hango shi, ta juya baya ta shiga gyara ƙoren da ta riga ta gyara, kafaɗunta na rawa.

Da safe aka ware mini bijimaina aka miƙo mini igiyarsu. Sai a lokacin abin ya faɗo mini a rai cewa duk wahalar da na sha, na sha ta ne don abokina ya samu tafiya da zuciya ɗaya ya bar ni. Manu ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Kaɗo, gaya mai shi kwance maruƙa."

Na ce, "Ga shi nan gabanka. Gaya mai da kanka."

Ya ce, "Na yi sau guda, ya isa."

Na juya zan faɗa, na tarar Dikko ya riga ya durƙusa a bakin dangwali yana kwancewa. Garken ya miƙa kudu, Manu a gaba, ni ina tsaye da igiyar bijimai biyu a hannu. Wani ɗan maraƙi ya tsaya baya yana shinshinar inda aka saba ɗaure shi. Dikko bai bi shi ba. Ya zagaya ta nesa da rigarsa ta Kwatano, ya ɓullo ta gabansa, ya ɗaga sandar, ya kora shi cikin garke.